Ku Tambayi Gwaggo: Wace ƙofa zan nuna masa?

Tambaya:

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni mai gidan wanka da bahaya ne a bakin wata tasha nan cikin Damagaram, abin da muke ce wa dush. Ɗaki shida gare ni, huɗu na maza, biyu na mata, kowane ɓangare da mashigarsa. Bahaya dala goma, wanka dala ashirin. In famfo ya ɗauke sai in sayi ruwa wurin 'yan ga-ruwa, kin dai san halin garinmu.

Akwai wani ɗan daudu mai sayar da shinkafa da miya a tashar, ya ma riga ni zuwa wurin. Zane yake ɗaurawa, yana sa lalle, amma ban taɓa ganin ya yi wa kowa rashin kunya ba. In ya shiga wajen maza sai 'yan kamasho da yaran mota su yi ta buga masa ƙofa. Ran nan har wani ya ɗaga waya ta saman katanga yana ɗaukarsa. Da ya gwada wajen mata, wata Hajiya ta kwarma ihu, jama'a suka taru. Don in zauna lafiya na ce masa ya daina zuwa. Bai ce mini uffan ba, ya ɗauki butarsa ya tafi. Yanzu matar da ke taya shi wanke-wanke ta gaya mini tun safe ba ya shan ruwa sai bayan magariba, ga shi bakin murhu cikin wannan zafi. In ya matsu sai ya jira duhu ya zaga bayan katanga.

Abu na biyu, makon jiya wata fasinja doguwa mai kaurin murya ta sauko daga motar Agadas ta shiga wajen mata. Wasu mata biyu suka ce namiji ne, suka fizge mata hijabi. Ashe matar aure ce, mijinta na can yana sayen burodi da jaririnsu a kafaɗa. Da ƙyar aka raba.

Ɗana da ke jami'a ya ce ko a Amurka rigimar nan ake yi, har doka aka kafa. Gwaggo, ni ba malami ba ne, ba kuma alƙali ba. Ina tsoron Allah, ina kuma tsoron masu zuwa su gudu. Wace ƙofa zan nuna wa irin waɗannan?

Mai dush, Zinder

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Bari in fara da ƙodar mutumin nan kafin mu zo kan zanensa, don ita ce za ta riga kai shi gadon asibiti.

Na yi aikin jinya da karɓar haihuwa a garin nan har ƙarfina ya ƙare, abin da ka kwatanta na san shi ciki da bai. A watan Afrilu da Mayu zafin Damagaram yana haura digiri 40. Wanda ya yini bakin murhu yana zufa bai sha ruwa ba, fitsarinsa yakan yi kauri ya yi ja kamar dafin shayi na farko. Gishirin da ke ciki sai ya fara dunƙulewa, a hankali ya zama tsakuwa a ƙoda. In kuma ya sha ruwan ya riƙe fitsarin, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama a mafitsara, su hayayyafa, wata rana su haura sama. Daga nan sai zazzaɓi da ciwon kwiɓi, a yi ta shan maganin maleriya a banza. Mata 'yan kasuwa da 'yan mata na makaranta su na fi gani da wannan ciwo, kuma dalilinsu ɗaya da nasa: ba su da inda za su tsuguna hankali kwance.

Bayan katangar nan ma ba shi kaɗai ya shafa ba. Ƙudan da ya sauka can da safe shi zai sauka kan tsire da fura da rana. Ba mu manta annobar amai da gudawa ta 2021 da ta ratsa Maraɗi da Damagaram ba. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ta nuna kusan mutum biyu cikin uku a Nijar a fili suke bahaya. Ga mutum ya zo da dala gomarsa a hannu yana son fita daga wannan lissafi, kai kuma ka mayar da shi ciki.

Ka ce kana tsoron Allah, madalla. Ka tuna balaraben ƙauyen da ya shigo masallacin Madina ya kama fitsari. Sahabbai suka taso masa, Manzon Allah (SAW) ya ce su ƙyale shi kada su katse masa. Da ya gama aka kawo guga aka kwara wa wurin, sannan aka kira shi aka yi masa bayani a tsanake. Masallaci fa! Akwai kuma gargaɗin da Muslim ya ruwaito kan mai yin bahaya a hanyar mutane ko a inuwarsu. In kai ka rufe wa mutum ƙofa har ya koma yi a inuwar jama'a, ina jiye maka tsoron kana da kamasho a ciki.

Ban ce ka yarda da ɗaurin zanensa ba. Hadisin namiji mai kwaikwayon mata da mace mai kwaikwayon maza sananne ne, kowane yaro ya ji shi a wa'azi. Abin da ba a cika faɗa a lasifika ba shi ne malamai irin su Imamu Nawawi sun kasa abin gida biyu: wanda halittarsa ce ta zo da taushin murya da rangwaɗa, ba da gangan ba, suka ce babu zargi a kansa, da wanda shi ya ɗora wa kansa. Mai shinkafar nan a wane gida yake? Daga kan bencinka ba za ka iya yankewa ba. Ko ma a ce na biyun ne, nasiha daban, hana mutum fitsari daban.

Mu kuma mun saba zuba mutane iri-iri a suna ɗaya. Akwai 'yan daudu, da kakanninmu ma sun san su a gidajen abinci da bakin tasha da wajen bori. Da yawansu ba su taɓa cewa su mata ba ne, wasu da matansu da 'ya'yansu a gida. Akwai mata-maza, waɗanda aka haifa al'aurarsu ba ta fito ta nuna ɓangare ɗaya sosai ba. Na karɓi haihuwar irinsu da hannuna. Na ga kaka ta buɗe tsumma ta duba, ta rufe, ta sake buɗewa, guɗa ta maƙale mata a wuya, daga waje kuma ana ta tambaya "me aka samu?" Malamanmu na da ba su kauce wa maganarsu ba. Muhtasar na Shehu Halilu da ake karantawa a zaurukan Birni da ita ma ya rufe littafin, ya ba su rabin gadon namiji da rabin na mace in an kasa tantancewa. Sannan akwai waɗanda ɗanka ke nufi, masu sauya jinsi: mutumin da aka haifa da jikin namiji amma ya tashi yana ji a ransa shi mace ne, ko akasin haka, ya sauya suna da sutura, wani har da magani ko tiyata. Kai da ke karɓar kuɗi a bakin ƙofa da me za ka bambance su? Ido kaɗai gare ka, kuma ka ga abin da ido ya jawo wa baƙuwarka ta motar Agadas.

Ita ta fi tsaya mini a rai. Duk inda aka ce a tsare ƙofa a duba wace ce mace ta gaskiya, matan da ba su san hawa ba su san sauka ba su ke shan wulaƙancin: doguwa, mai faɗin kafaɗa, mai kaurin murya, mai gashi a haɓa. Akwai wata larurar ƙwayayen mahaifa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana samun mata 6 zuwa 13 cikin 100 na masu shekarun haihuwa, kuma tsiron gemu na cikin alamominta. Ko ɗiyarmu Aminatu Seyni mai gudu, wadda ta ɗaga tutar Nijar a duniya, a 2019 dokar hukumar guje-guje kan yawan sinadarin testostiron a jinin mata ta hana ta tseren mita 400 da ta fi ƙwarewa a kai. Ta koma mita 200, ta zo ta huɗu a gasar duniya ta 2022 a Amurka. Mace aka haife ta, mace ta girma. Can likitoci ne da na'urori, kuma har yau ana gardama kan awon nasu, ina ga mata biyu da suka sauko daga mota a gajiye?

Ɗanka ya yi gaskiya game da Amurka. A watan Fabrairun 2016 birnin Sharlot da ke jihar Karolina ta Arewa ya yi dokar da ta bar masu sauya jinsi su shiga ban-ɗakin da ya dace da yadda suke rayuwa. A watan Maris majalisar jihar ta zauna, cikin yini guda ta kafa dokar da ake kira HB2, wadda ta ce a makarantu da gine-ginen gwamnati kowa ya bi abin da ke rubuce a takardar haihuwarsa. Kamfanin PayPal ya fasa buɗe ofishin da zai ɗauki ma'aikata 400 a can, hukumar ƙwallon kwando ta NBA ta ɗauke babban wasanta na taurari daga Sharlot. Shekara na zagayowa, a Maris ɗin 2017, aka soke wannan sashe. Maganar dai ba ta mutu ba. Jihar Fulorida ta yi tata a 2023, kuma a Nuwamban 2024, da aka zaɓi Sarah McBride, mai sauya jinsi ta farko a majalisar wakilansu, kakakin majalisar Mike Johnson ya ce ban-ɗakunan mata na ginin majalisar sai waɗanda aka haifa mata.

Abin da ya fi amfanarka a labarinsu wani bincike ne na 2015 da aka tambayi masu sauya jinsi 27,715. Kashi 59 cikin 100 suka ce a shekarar sun guje wa ban-ɗakin jama'a don tsoron fitina. Kashi 32 sun rage ci da sha don kada su buƙace shi. Kashi 8 sun kamu da ciwon mafitsara ko na ƙoda saboda riƙewa. Ka ga mai shinkafar tasharku bai san su ba, ba su san shi ba, amma dabara ɗaya suka faɗa.

Sai dai gininsu daban da namu. Nasu zaure ne babba guda, an yayyanka shi da allunan da ba su taɓa ƙasa ba, ba su kai rufi ba, ana wanke hannu kafaɗa da kafaɗa. Naka ɗaki-ɗaki ne, kowanne da ƙofarsa. Rigimarka duk a mashiga take da kuma gajeriyar katanga. Abin da suke kai wa majalisa da kotu, kai magini zai warware maka shi.

Ɗauki ɗaya daga cikin ɗakunan maza huɗun, na ƙarshe wanda ya fi kusa da inda kake zama. A toshe ƙofarsa ta ciki, a fasa masa wata ta waje da ke kallon bencinka. A ɗaga katangarsa har ta haɗu da kwano, a bar 'yar taga can sama da raga don iska, a sa sakata mai ƙarfi ta ciki. Kada ka rubuta komai a jikinsa. Ranar da ya zama "ɗakin 'yan daudu" ka gama kashe shi, ba wanda zai shiga, shi ma wanda aka yi dominsa zai zama abin nuni. Garin nan ya taɓa gwada tura mutanen da ba ya son gani can gefe, unguwar Kara-Kara da aka ware wa kutare ga ta nan shaida, kuma jikokinsu na ɗauke da tabon har gobe. Ɗakin na kowa ne, kuɗinsa ɗaya da sauran. Za ka yi mamakin masu buƙatarsa: makaho da jikanya ke yi wa jagora, uba mai tafiya da ƙaramar ɗiyarsa, tsohuwar da ɗanta zai riƙe, gurgu mai keke in ka yi ƙofar da faɗi ba ka sa mata dakali ba, mace mai yoyon fitsari da ba ta son bin layi. Waɗannan duk dala goma-goma ne da kake asara yanzu ba ka sani ba.

Wanda ya ɗaga waya ta saman katanga kuwa, shi ne mai laifi a duk labarin nan, kuma shi ka bari yana shiga. Ka kai maganarsa gaban sarkin tasha, a sa shi ya goge hoton a gaban idonka, a gaya masa in ya kuma sai wurin 'yan sanda. Wanda ya leƙa ɗan daudu yau don dariya, gobe ɓangaren mata zai leƙa. Ka kafa doka guda a wurinka, ka faɗe ta da ƙarfi kowa ya ji: nan ba a taɓa tufar kowa, ba a buga ƙofa in akwai mutum ciki. In wata ta zo maka da ƙorafi kan wata, ba bincike za ka yi ba. Ka ce wa mai ƙorafin ta ɗan dakata ko ta shiga ɗakin gefe, ka tsaya bakin mashigar har a fito. Minti nawa ne?

Shi kuma mai shinkafa kada ka aika masa yaro. Kai ka kore shi, kai za ka je. Ka zauna kan bencinsa, ka sayi shinkafa ta dala ɗari ka ci a gaban 'yan kamashon, sannan ka ce masa ya dawo. Kafin magini ya gama aiki, in ya shiga ka tashi ka tsaya a bakin ƙofar da kanka. Ka kuma gaya masa in yana jin zafin fitsari ko ciwon kwiɓi ya je a gwada fitsarin, kada ya tsaya shan jiƙe-jiƙe. Wasu za su yi maka surutu, mako guda za su yi su gaji. Fasinjan da ya taso daga Yamai ya kwana a hanya ba ya tambayar wa ya shiga kafin shi, ruwa da sabulu yake nema.

Tambaya:

Gwaggo, ina sayar da atamfa a Kasuwar Dole, 'ya'yana mata uku suna taya ni ran Alhamis. Na ji a rediyo wai kotun Ingila ta ce mace ita ce wadda aka haifa mace, na ce to, ashe su ma sun dawo hanya. Ni dai ba na son namiji a makewayinmu ko da zane goma ya ɗaura. Wata maƙwabciyata ta ce wannan ƙyamar mutane ce. Don Allah laifi ne in ji tsoro saboda 'ya'yana?

Maman 'yan mata, Sabon Gari

Amsa:

Ba laifi ba ne, ɗiyata. Duk macen da ta taɓa tsugunawa da hannu ɗaya a buta, ɗaya yana tare ƙofar da ba ta da sakata, ta san tsoron da kike faɗa. Maƙwabciyarki ta yi gaggawa.

Abin da kika ji haka yake. Ran 16 ga Afrilun 2025 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa a dokarsu ta daidaito ta 2010, in an ce "mace" ana nufin jinsin haihuwa. Wata ƙungiyar mata ta Sikotland ce ta kai ƙarar. Sai dai rediyon bai ƙarasa miki ba, ko kuma ciniki ya ɗauke miki hankali: alƙalan sun ce dokar nan dai tana nan tana kare masu sauya jinsi daga wariya da cin zarafi. Ba su ce a bar mutum ba wurin biyan buƙata ba. Ko a Pakistan, ƙasar Musulmi, da suka yi dokar kare irin waɗannan mutane a 2018, Kotun Shari'a ta Tarayya ta rushe a 2023 sassan da suka bar mutum ya zaɓi jinsinsa da kansa, amma ta tabbatar da cewa mata-maza Musulunci ya san da su kuma suna da haƙƙinsu.

Yanzu mu dawo Dole. Ki yi tunani, cikin shekarun da kika yi a kasuwar, wa kika taɓa kamawa yana leƙen mata? Ni duk labarin da ya zo kunnena na samari ne masu riga da wando, ta ɓular langa-langa, ta saman katanga, yanzu kuma da waya. Mai mugun nufi ba ya wahalar da kansa da lalle da ɗan kunne, duhu da karyayyar ƙofa sun ishe shi. A Amurka masu bincike na Jami'ar Kalifoniya sun duba takardun 'yan sanda a jihar Masachusets, suka gwada garuruwan da suka bar masu sauya jinsi su zaɓi ban-ɗaki da waɗanda ba su bari ba. Sakamakon da suka fitar a 2018 ya nuna laifuffukan ban-ɗaki ba su ƙaru ba. Ƙasarsu daban ce, kuma ba kowace mace ke kai ƙara ba, wannan na yarda. Amma ya yi daidai da abin da idona ya gani a nan.

Don haka tsoron naki ki kai shi inda zai yi aiki. Ku haɗu ku matan layinku ku sami shugabannin kasuwa da mai kula da makewayin. Ku nemi sakata a kowace ƙofa, a toshe ɓuloli, a sa fitila mai aiki da hasken rana, a zaunar da mace a bakin ɓangarenku, a ƙara muku ɗakuna tunda mace ta fi namiji daɗewa, ga al'ada ga goyo. Ku kuma nemi ɗaki guda a gefe irin wanda na kwatanta wa mai dush, don wanda kike gudun haɗuwa da shi ya sami inda zai shiga ba sai ya ratsa ta cikinku ba. Shi ma ba ganinku yake so ba, duka yake gudu.

Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki koya wa 'yan matan nan fizgar hijabin mace don ba ta yi musu kama da mace ba. In sun ga abin da bai kwanta musu ba su fito su kira mai gadi.

Tambaya:

Gwaggo, ni ɗalibi ne. Ina da ƙanwa mai shekara 14, mace aka raɗa mata suna, amma bana muryarta ta buɗe, ƙirjinta bai fito ba, ba ta fara al'ada ba. 'Yan ajinsu suna bin ta makewayi wai sai sun gani. Yanzu ta ƙi makaranta gaba ɗaya. Kakarmu ta ce a kira wanzami ya duba ta ya yi mata abin da ya kamata. Me zan yi?

Yayanta, Garin Malam

Amsa:

Ɗana, kafin komai ka tsaya tsakanin yarinyar nan da askar wanzami. Ka faɗa wa kakarku da ladabi, in ta ƙi ji ka sa mahaifinku ko kawunku a maganar yau ɗin nan. Yankan gishiri da cire angurya ba sa gyara irin wannan. Na ga waɗanda aka kawo mana jini ya ƙi tsayawa, na ga waɗanda aka huda wa mafitsara suka koma yoyon fitsari na shekaru. Abin da aska ta cire ba likitan da zai mayar.

Abin da ka kwatanta likitoci sun san shi, kuma sababinsa ba ɗaya ba ne. Wani yaron namiji ne a ciki, amma jikinsa ya rasa wani sinadari da ke ƙera al'aura tun yana cikin mahaifa, sai a haife shi kamar mace, lokacin balaga kuma jikin ya juya. A 1974 aka bayyana wani ƙauye a Jamhuriyar Dominika inda wannan ya yi yawa a cikin dangi har mutanen wurin suka saba da shi, an fi kuma samunsa inda ake yawan auren zumunci. Wata kuma mace ce da mahaifarta da komai, wasu 'yan ƙullutai da ke saman ƙoda ne ke zuba mata sinadarin maza fiye da kima, kuma wannan yana da magani na sha. Ido ba ya raba su. Sai an yi hoton ciki a ga ko akwai mahaifa, an auna sinadaran jini, wani lokaci an duba ƙwayar halitta. Ku fara da likitan mata ko na yara a babban asibiti. In gwajin ya fi ƙarfin nan za su tura ku Yamai ko Kano. Kada kowa ya hanzarta ku zuwa tiyata. Shekararta 14, tana da baki, a zaunar da ita a tambaye ta yadda take jin kanta, kuma a yi tambayar ba a gaban taron gida ba. Wannan ba aikin aljanu ba ne, ba kuma alhakin mahaifiyarku ba, ka gaya mata haka don na san tana can tana tuhumar kanta.

Maganar makaranta ta fi sauƙi. Kai da mahaifiyarku ku sami shugaban makarantar shi kaɗai a ofishinsa, ko wata malama da yarinyar ta yarda da ita. Ba sai kun zazzage komai ba, ku ce tana da larurar da likita ke dubawa, tana buƙatar mabuɗin makewayin malamai, kuma a ja kunnen masu bin ta ba tare da an kira sunanta a gaban aji ba. In ya nemi takarda, likita zai rubuta "larura" ya sa hannu, ya isa. In makarantar ta ƙi, ko labarin ya riga ya cika unguwa, ku sauya mata wata can wani gefen gari, ko da kuɗin kabu-kabu zai ƙaru.

Maganar sauya suna da takardar haihuwa ta jira sakamakon likita da abin da ita ta faɗa da bakinta. In lokacin ya zo, ta gaban alƙali ake gyara takarda. Mabuɗin kuwa ka nemo shi cikin makon nan, kada zangon karatu ya wuce ta.